Yadda Ake Binciken Bambancin Gado Tsakanin Ƙudajen Rairayi Masu Yaɗa Gyambon Lishmaniya a Ƙasar Damagaram

A shekarar 1911 ne wani likitan Faransa mai suna Stévenel ya wallafa bayanin wani gyambo da ya tarar a jikin mutanen yankin Damagaram, ya kuma danganta shi da mikin da aka daɗe da sani a ƙasashen gabas, kuma wannan bayani nasa shi masana ke lissafawa a matsayin labarin farko na cutar lishmaniya ta fata a Afirka ta Yamma. Wani ɗan ƙwaro ne ke ɗauko cutar ya zuba wa mutum da cizo, wato ƙudan rairayi, wanda masana ke kira filebotom, kuma tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 700,000 zuwa miliyan 1 ne ke kamuwa da nau'o'in wannan cuta a kowace shekara, kuma fiye da nau'i 90 na ƙwaron aka san suna yaɗa ta. A yankinmu na Sahel, wanda ke yaɗa gyambon fata shi ne Phlebotomus duboscqi, da Neveu-Lemaire ya fara bayyanawa a 1906, ƙwayar cutar kuwa ita ce Leishmania major, mai fakewa a jikin ɓerayen daji.

Tambayar da wannan bincike ke son amsawa ita ce: shin ƙudajen da ke Mirya da na Magarya da na Tanut zuri'a ɗaya ce mai cuɗanya da juna, ko kuwa kowane wuri yana da nasa dangi da suka ware? Amsar tana da amfani ga ma'aikacin lafiya kai tsaye. Idan ƙudajen kowane yanki a killace suke, feshi da toshe ramukan ɓera a ƙauye guda za su iya yin tasiri mai daɗewa, idan kuwa suna gauraya, waɗanda aka kashe nan da nan za a maye gurbinsu daga maƙwabta, kuma duk ranar da jure wa maganin ƙwari ya ɓulla a wuri ɗaya, zai bi wannan hanya ya isa sauran. A ƙasar Brazil an shafe shekaru ana ɗaukar ƙudan rairayi mai suna Lutzomyia longipalpis a matsayin nau'i guda, daga baya bincike ya nuna cewa tarin nau'o'i ne masu kama da juna a ido, amma sun bambanta a ƙamshin da mazan ke fitarwa da kuma sautin fuka-fukinsu lokacin barbara. Abin da nake son ɗalibanmu da ma'aikatan ɗakin gwaji su riƙe tun daga farko shi ne, ko da yake daga na'ura da kwamfuta amsar ke fitowa, a bakin rami da gindin rumbu ake gyara ta ko a ɓata ta, saboda haka a can zan fi daɗewa.

Matakin farko: zaɓen wurare da neman izini

Kafin a sayi ko da batir guda, a zauna da taswira. Ƙudan rairayi ba ya tafiya mai nisa. Tashinsa gajere ne mai kama da tsalle, kuma yawancinsu ba sa wuce ƴan mitoci ɗari daga inda suka ƙyanƙyashe. Ba ya hayayyafa a ruwa kamar sauro, sai a ƙasa mai danshi da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi, cikin ramin ɓera ko suri ko tsagar katanga. Wannan ya sa dole a zaɓi wurare masu tazara iri-iri, wasu kusa da juna, wasu nesa, domin sai da haka za a iya gane ko nisa ne ke raba zuri'a. A jahar Damagaram ana iya ɗaukar birnin kansa, da Mirya mai tazarar kimanin kilomita 20, sannan Matamai da Magarya a kudu inda ruwan sama ya fi yawa, sannan Tanut a arewa da Gure a gabas, waɗanda kowannensu ya haura kilomita 100 daga birni kuma ya fi bushewa. Wurare 5 zuwa 8 sun isa ga aikin digiri, muddin an yi su da kyau.

A cikin kowane wuri ma a bambanta muhalli. Tsofaffin katangun ƙasa da duwatsun unguwar Birni daban suke da lambunan bakin tafki irin na Gidimuni, kuma jigawa daban take da ƙasar laka mai tsagewa da rani. Wannan ta ƙarshe ta cancanci kulawa, domin a gabashin Sudan, a ƙasar laka mai dushe da aduwa ne Phlebotomus orientalis ke zama, shi ne kuma ke yaɗa nau'in cutar mai kama saifa da hanta, wadda ake kira kala-azar, da ke kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba. Littafin rajistar asibitin gunduma zai nuna ƙauyukan da masu gyambo suka fi fitowa, amma a tuna cewa mikin yakan bayyana makonni ko watanni bayan cizo, don haka a tambayi inda mutum ya kwana a damina, ba inda yake zaune yanzu kaɗai ba.

Izini hawa-hawa ne: kwamitin ɗa'a na ƙasa kan binciken lafiya, hukumar lafiya ta jaha, likitan gunduma, sannan mai gari. Ga mai gari kada a aika takarda kawai. A je da kai tare da ma'aikacin lafiyar ƙauyen, a zauna a gaisa, a ce masa: "Ranka ya daɗe, mun zo neman wani ɗan ƙwaro ne mai kawo gyambo, za mu rataye fitila a bayan gida mu ɗauke ta da asuba, ba za mu ɗebi jinin kowa ba." A nuna masa tarkon a kunna shi a gabansa. Haka kuma a nemi yardar maigida da uwargida kafin a shiga kowane gida, domin tarkon da aka rataye ba da sanin masu gida ba, da wuya ya kwana a inda aka bar shi.

Mataki na biyu: kama ƙudajen

Tarko iri biyu ake amfani da su, kuma ya kyautu a haɗa su. Na farko shi ne tarkon fitila samfurin CDC, mai ƙaramin ƙwan lantarki da fanka da ke zuƙo ƙwari zuwa cikin jaka, yana aiki da batir mai bolt 6. A tabbata jakarsa mai ƙananan idanu ce ƙwarai, domin ragar da aka yi don sauro ƙudan rairayi yana ratsa ta ya fice. A rataye shi ƙasa-ƙasa, tsakanin rabin mita da mita ɗaya daga ƙasa, a kunna gab da faɗuwar rana, a zo da asuba a ɗaure bakin jakar tun fankar tana juyawa, sannan a kashe ta. Wanda ya kashe fanka kafin ya ɗaure jaka zai ga abin da ya kwana yana tarawa ya tashi a gabansa. A shafa ɗan man giris a igiyar da aka rataye tarkon, saboda tururuwa da cinnaku suna iya cinye kamun dare guda kafin hantsi. Daren iska mai ƙarfi ko ruwan sama ba daren aiki ba ne, kuma farin wata yana rage kamun fitila.

Na biyu shi ne takarda mai mai, kuma shi ya fi dacewa da aljihunmu. A yanka farar takarda santimita 20 tsawo da 20 faɗi, a rubuta lambarta da fensir, a jiƙa ta da man zurma fuska biyu har ta yi shara-shara, a soke ta da ɗan tsinke a kafa a bakin ramin ɓera, ko a naɗe ta a cusa cikin tsagar katanga ko ƙofar suri. Wuraren da suka fi bayarwa su ne ƙarƙashin rumbu, gefen turken awaki, bayan akurki, gindin danga da kogon itace. Kowace takarda, idan an lissafa fuskokinta biyu, murabba'in mita 0.08 ce, kuma da wannan ake fitar da yawan ƙudaje a kowane murabba'in mita a dare guda, wanda shi ne ma'aunin da za a kwatanta wurare da shi. Awaki suna cin takarda, saboda haka a kafa bayan an ɗaure su, a kuma kwashe kafin a sake su. Da safe za a ga ƙudajen manne a kan man, ƴan ƙanana masu launin toka-toka ko ruwan ƙasa, jikinsu duk gashi, ƙafafunsu dogaye. Mai rai kuwa idan ya sauka a bango yakan ɗaga fuka-fukinsa sama a buɗe, ba ya kwantar da su a bayansa, kuma da wannan ake bambanta shi da sauran ƙananan ƙwari. Irin waɗannan ana iya zuƙe su da bututun tsotsa a lungunan ɗaki da sassafe. Kada a taɓa sa mutum ya tuɓe ƙafa don ƙudaje su sauka a kansa. Babu sakamakon da ya kai a jawo wa wani gyambo. Ma'aikatan kansu su sa riga mai dogon hannu, su kwana cikin gidan sauro mai magani.

Akwai wani kuskure da ke ɓata lissafi ba tare da an lura ba. Mace guda tana saka ƙwai 30 zuwa 70, saboda haka ƙudaje 25 da aka samo daga rami ɗaya suna iya zama ƴan uwa ɗaya, kuma wanda ya ɗauke su a matsayin wakilan ƙauye zai ba da rahoton cewa bambancin gado ya yi ƙaranci a wurin, alhali gida guda ya auna. Maganin wannan shi ne a warwatsa tarkuna a gidaje da ramuka da yawa, a yi dare 3 ko fiye a kowane wuri, daga baya a zaɓi ɗaya ko biyu kawai daga kowane tarko. Abin da ake nema shi ne ƙudaje 20 zuwa 30 na nau'in da ake bincike daga kowane wuri. Ya kamata a san cewa mafi yawan abin da tarko ke kamawa a Sahel ƴan jinsin Sergentomyia ne, masu shan jinin ƙadangaru da tsaka, don haka ana iya tara ɗaruruwa kafin a cika wannan adadi. A kuma zagaya aƙalla sau biyu, ɗaya a ƙarshen damina zuwa kaka, ɗaya da rani, domin a ga ko zuri'ar wurin tana sauyawa da lokaci.

Mataki na uku: adanawa da lamba

Wannan mataki gajere ne a faɗa, amma a nan ayyuka da yawa ke mutuwa. Ƙudajen jaka a kashe su da sanyi, a sa jakar cikin firiza ko cikin kula mai ƙanƙara, sannan a zube su a kan farin faranti a tsince su da burushi mai laushi. Na takarda a ɗago su da burushin da aka tsoma cikin alkol, a wanke man zurman a alkol kafin a adana. Domin binciken sinadarin gado, wato ADN, alkol mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin 100 ake so; mai kashi 70 yana riƙe siffar jiki amma ADN yana lalacewa a cikinsa, balle a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. A sauya alkol ɗin bayan kwana guda, a rufe bakin ƴar kwalbar da kyau don kada ya tsane, a ajiye a inuwa cikin kula, da an dawo birni kuma a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a cika firizar da robobin ƙanƙara, a kuma rage buɗe ta, domin yawan ɗumama da sake sanyaya yana yi wa ADN illa.

Kowane tarko da kwalbarsa, ba a haɗa biyu. A rubuta lamba da fensir a kan ƴar takarda a jefa cikin kwalbar, domin alkol yana wanke tawadar biro da ta maka. A littafin fili a rubuta sunan ƙauye, ranar kamu, irin tarko, irin muhalli, dabbobin da ke kusa, da lambobin GPS, waɗanda wayar hannu ma tana bayarwa. A ɗauki hoton kowane shafi a daren. Kwalbar da ta rasa lamba a zubar da ita, komai yawan abin da ke ciki, domin zato a wannan wuri zai zama ƙarya a cikin sakamako.

Mataki na huɗu: tantance nau'i

Daga nan kowane ƙuda zai sami lambarsa shi kaɗai. A ƙarƙashin madubi mai ido biyu, da allurai biyu masu tsini, a cire kai da gaɓoɓi uku na ƙarshen ciki, a ajiye ƙirji da ƙafafu da fuka-fuki a cikin sabuwar kwalba mai ɗauke da wannan lamba. A goge alluran da alkol, ko a sauya su, tsakanin ƙuda da ƙuda. Kan da ƙarshen cikin a jiƙa su a ruwan fotas mai kashi 10 cikin 100 har su yi garau, a wanke, a bi da su ta ruwan Marc-André, wani haɗin sinadari mai ƙara musu haske, sannan a shimfiɗa su a gilashin dubawa a rufe, a rubuta lambar.

Abin da ake dubawa a madubin likita shi ne kogon baki, maƙogwaro, jakar ajiyar maniyyi ga mace, da al'aurar namiji. Ƴan Sergentomyia suna da jerin haƙora a kogon baki tare da wani tabo mai duhu, ƴan Phlebotomus kuwa ba su da wannan jeri. Jagoran tantancewa da Emile Abonnenc ya wallafa a 1972 kan ƙudajen Afirka kudu da Sahara har yanzu shi ne abin dogaro a yankinmu. Wahalar tana wurin mata: macen P. duboscqi da ta P. papatasi da ta P. bergeroti suna kama da juna ƙwarai, alhali mazansu ana raba su ta siffa da yawan ƙayoyin al'aura. Shawarata ita ce a gina binciken zuri'a a kan maza gwargwadon iko, domin ban da sauƙin ganewa, namiji ba ya shan jini kuma ba ya ɗauke da maniyyin wani, saboda haka ADN ɗinsa nasa ne shi kaɗai. Idan ba a tantance da kyau ba aka gauraya nau'i biyu, kwamfuta za ta nuna babban rabuwa tsakanin ƙauyuka, mai bincike ya yi murna, alhali bambancin nau'i ya auna.

Matan kuma kada a yar da su. Ragowar cikinsu a ajiye daban, domin a ciki ake neman ADN na Leishmania da kuma gano dabbar da suka sha jininta. Sai dai samun ADN na ƙwayar cutar a jikin ƙwaro bai tabbatar da cewa yana yaɗa ta ba. A Mali an same shi a jikin Sergentomyia darlingi, kuma wannan ya buɗe tambaya ne da ke buƙatar ƙarin gwaji.

Mataki na biyar: fitar da ADN da karanta shi

Ana fitar da ADN daga ƙirjin da ƙafafun, ko da kayan gwaji na kamfani irin DNeasy na Qiagen, ko da hanyoyi masu araha kamar Chelex da CTAB. Ƙwaron ƙarami ne, don haka a bar alkol ya bushe sarai, a niƙa shi da kyau, a kuma narkar da ADN ɗin a ruwa kaɗan, kimanin mikrolita 50, don kada ruwan ya yi masa yawa. A kowane zagaye a haɗa da kwalba guda da ba a sa komai a cikinta ba, wadda za ta tona asirin gurɓata idan ta auku.

Sai a ninka wani yanki na ADN da na'urar PCR. Yankin da aka fi farawa da shi shi ne COI na mitokondiriya (wani ɗan sashe a cikin tantanin jiki mai nasa ADN daban), mai tsawon haruffa 658, da guntayen jagora, wato gajerun ADN masu nuna inda za a ninka, LCO1490 da HCO2198 waɗanda Folmer da abokan aikinsa suka fitar a 1994. Ana maimaita zagayen zafi kimanin sau 35: digiri 94 don raba igiyoyin ADN, 45 zuwa 50 don jagororin su manne, 72 don ginawa. Masu binciken ƙudan rairayi sun daɗe suna amfani da wani yankin mitokondiriya mai suna sitokurom b, don haka ƙara shi yana ba da damar kwatanta sakamako da na wasu ƙasashe. A duba abin da ya fito a kan jel ɗin agaros, duk wanda ya ba da layi guda mai kyau a aika shi a karanta jerin haruffansa ta hanyar Sanger, gaba da baya. Sashen madubi da fitar da ADN ana iya yinsa a Damagaram tare da Jami'ar André Salifou idan an tanadi kaya, ana kuma iya neman haɗin gwiwa da cibiyar binciken lafiya ta CERMES da ke Yamai, mai tazarar kusan kilomita 900. Idan za a fitar da samfur waje, a tanadi takardar yarjejeniyar miƙa samfur tun da wuri, domin Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 kan albarkatun gado, kuma a rubuta a ciki cewa sakamakon da sunan masu tara shi zai fito.

Ya zama dole a san iyakar mitokondiriya: ta wurin uwa kaɗai ake gadonta, kamar makiyayin da ke lissafa garkensa ta tsatson saniya bai sa bijimi a lissafi ba. Labarin mata kawai take bayarwa, kuma ƙwayar bakteriyar Wolbachia da ke zama a jikin ƙwari da yawa tana iya sa salo guda ya mamaye yanki, har a zaci cuɗanya ce ta kawo haka. Wanda ke son amsa mai ƙarfi a tazara gajera, kamar tsakanin Mirya da birni, sai ya ƙara da alamomin cibiyar tantani, inda ADN ɗin da ake gada daga uwa da uba yake, wato maikurosatalait (gajerun jerin haruffa masu maimaituwa) ko dubban wuraren bambancin harafi guda da ake kira SNP. An samar da maikurosatalait don P. papatasi, ana iya gwada su a kan P. duboscqi tun da dangi ne na kusa, amma a fara da ƙudaje kaɗan a ga waɗanda ke aiki kafin a kashe kuɗi.

Mataki na shida: lissafi da fassara

A buɗe kowane jeri a duba shi da ido, a yanke farko da ƙarshe inda karatu bai fito ba, a haɗa na gaba da na baya. Harafi guda da aka karanta ba daidai ba yana ƙirƙiro sabon salo da babu shi a duniya. A jera su duka a manhajar MEGA, a fassara su zuwa furotin da tsarin mitokondiriyar ƙwari, idan an ga alamar tsayawa a tsakiyar jeri to kwafin bogi ne da ya maƙale a cibiyar tantani, a cire shi. Sannan a kwatanta da rumbunan jerin ADN na intanet, GenBank da BOLD. Bambanci a cikin nau'i guda yawanci ba ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 a COI. Wanda ya zarce haka a koma a ɗauko gilashinsa a sake dubawa, kuma a nan ne amfanin lamba guda ga ƙuda guda yake bayyana.

Da manhajar DnaSP a fitar da yawan haplotip, wato salon jeri daban-daban, na kowane wuri, da ma'aunin bambancinsu mai tafiya daga 0 zuwa 1, da kuma matsakaicin bambancin haruffa. Da PopART a zana ragar da ke nuna dangantakar salon: idan an ga babban salo guda a tsakiya wanda kowane ƙauye ke da shi, ƙanana kuma suna kewaye da shi da tazarar harafi ɗaya ko biyu, alama ce ta zuri'ar da ta bunƙasa ba da daɗewa ba, musamman idan ma'aunin Tajima da na Fu sun faɗi ƙasa da sifili. Da Arlequin a lissafa FST, wato ma'aunin rabuwar gado, tsakanin kowane wuri biyu. Bisa ƙa'idar Sewall Wright, ƙasa da 0.05 rabuwa kaɗan ce, 0.05 zuwa 0.15 matsakaiciya, 0.15 zuwa 0.25 babba, fiye da haka kuma babba ƙwarai, amma adadin ba shi da daraja sai gwajin maimaitawa ya nuna cewa ba dace ba ne. Lissafin AMOVA zai nuna kason bambancin da ke tsakanin kudu da arewa, da na tsakanin ƙauyuka, da na cikin ƙauye guda, gwajin Mantel kuma ya nuna ko rabuwa tana ƙaruwa da nisa. Idan akwai maikurosatalait ko SNP, manhajar STRUCTURE za ta ƙiyasta yawan rukunonin gado ba tare da an gaya mata inda kowane ƙuda ya fito ba.

A wurin fassara nake roƙon a yi taka-tsantsan. Binciken mitokondiriyar P. papatasi ya nuna bambanci kaɗan a faɗin yanki mai girma daga Arewacin Afirka zuwa Gabas ta Tsakiya, kuma babu mai cewa ƙwaron da ba ya wuce ƴan mitoci ɗari yana zirga-zirga tsakanin waɗannan ƙasashe. Ƙarancin FST yana iya nufin cuɗanya ta yau, yana kuma iya nufin cewa zuri'ar ba ta daɗe da yaɗuwa ba, ko kuma alamar da aka zaɓa ba ta da kaifin gani. Saboda haka idan Tanut da Magarya suka fito iri ɗaya a COI, abin da ya halatta a rubuta shi ne cewa wannan alama ba ta nuna rabuwa ba, sannan a nemi tabbaci daga alamomin cibiya. Idan kuwa sun rabu, a ɗora sakamakon a kan taswirar ruwan sama da irin ƙasa da kwaruruka, a ga abin da ya yi daidai da layin rabuwar.

Ragowar ADN ɗin ba ta ƙare aiki ba. A Indiya an samu sauyin gado mai alaƙa da jure wa magani a wuri na 1014 na ƙwayar gadon da magungunan ƙwari na DDT da firetiroyid ke kai wa hari a jikin Phlebotomus argentipes, kuma tun da gidajen sauron da ake rabawa a ƙauyukanmu da firetiroyid aka jiƙa su, yana da kyau a duba wannan wuri a samfuran Damagaram. A ɗora dukkan jerin a GenBank tare da sunan wuri da lambobin GPS da ranar kamu, a adana gilasan dubawa a akwati mai lamba a jami'a, nesa da zafi da ƙura, domin wanda zai zo daga baya ya iya tantance su da idonsa. Sannan a rubuta taƙaitaccen rahoto, da Faransanci ga likitan gunduma, da Hausa ga masu gari, wanda zai faɗi nau'in da aka samu a kowane ƙauye, wuraren da tarko ya fi kamawa, da watannin da suka fi yawa, a haɗa da shawarar liƙe tsagar bango, nisanta turke da shara daga wurin kwana, da kai duk mai gyambon da ya ƙi warkewa asibiti a duba shi.